Madubin da Ake Dasawa Cikin Ido: Wane Irin Gani Yake Bayarwa?

Wanda lambar gilashinsa ta kai mainos 8 ko 10 yana cikin wahalar da sauran mutane ba su sani ba. Gefen gilashin kauri gare shi, nauyinsa yana barin shata a karan hanci. Idan ruwan sama ya kama mutum a Oshodi, ko ya fito daga mota mai sanyi zuwa zafin titi, gilashin ya yi hazo, dole ya tsaya cak sai ya goge. Idan ya cire shi kuwa, ko fuskar wanda ke gaishe shi ba ya tantancewa. Shi ya sa maganar dashen madubi cikin ido take ƙara yawo a tsakanin mutanenmu na Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Obalende, musamman a bakin waɗanda suka je Indiya ko Masar neman magani. Tambayar kowa ɗaya ce: "Shi ke nan na rabu da gilashi?" Ga mafi yawan waɗanda suka cancanci aikin, amsar e ce. Amma a ganina tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce wane irin gani mutum zai samu bayan rabuwar, domin mutum yana iya karanta layin ƙarshe na allon gwaji a asibiti, dare ya yi kuma ya kasa tuƙi cikin natsuwa.

Rashin ganin nesa mai tsanani, tsawon ƙwayar ido ne ke kawo shi. Idon baligi mai lafiya, daga gaba zuwa baya, kusan milimita 24 ne. Haske yana shiga ta koniya, fatar nan mai garai-garai da ke gaban baƙin ido, ya bi ta ƙofar da ke tsakiyar baƙin, ya ratsa madubin da Allah ya halitta a ciki, sannan ya tattaru a kan retina, shimfiɗar jijiyoyin da ke can bayan ido. Ƙarfin tattara hasken gaba ɗaya kusan dayofta 60 ne (dayofta ita ce ma'aunin da ake rubuta lambar gilashi da shi), koniya ce ke da wajen 43 a ciki. Idan ƙwayar ta zarce tsawonta, hasken sai ya tattaru tun bai isa retina ba, wanda ya isa can kuma ya riga ya sake watsewa. Ƙarin milimita ɗaya tak yana jawo dayofta biyu da rabi zuwa uku. Mai mainos 2 yana gani tangaran har rabin mita. Mai mainos 10 iyakarsa santimita 10, shi ne za ka ga ya kai waya dab da hancinsa da asuba kafin ya lalubo gilashi. Masu bincike a cibiyar Brien Holden ta Ostareliya sun yi hasashe a 2016 cewa zuwa 2050 rabin mutanen duniya za su kasance da matsalar, kusan biliyan ɗaya daga cikinsu mai tsanani.

Wurin da aka ajiye gyaran yana da ruwa da tsaki a ingancin hoton da ido zai samu. Gilashi yana zaune ne kamar milimita 12 a gaban ido, kuma wannan 'yar tazarar tana da farashi. Gilashin mainos yana ƙanƙanta duk abin da aka kalla ta cikinsa. A mainos 10, hoton da ke sauka kan retina ya ragu da fiye da kashi 10 cikin 100. A mainos 15 raguwar ta kusa kashi ɗaya cikin biyar. Idan mutum ya kalli gefe kuma, bakin ƙofa ya lanƙwashe, matattakalar bene ta yi kamar ta matsa daga inda take. Mai irin wannan gilashi ya saba da haka tun yana yaro, har bai san an rage masa duniya ba. Madubin liƙawa da ake mannawa a kan koniya yana kawar da mafi yawan wannan, sai dai yana son tsabtar da ke da wuyar kiyayewa ga wanda ke wuni a ƙurar kasuwar Mile 12, yana alwala sau biyar da ruwan da ya samu, kuma ruwan famfo ko na rijiya idan ya taɓa shi yana iya jawo gyambon koniya mai haɗari.

Sai leza, wadda aka fi sani da LASIK. Ana ɗaga siririyar fata daga koniya, a goge naman da ke ƙarƙashi har tsakiyar ta baje, a mayar da fatar. Ga mai mainos 2 ko 4 aiki ne mai kyau ƙwarai, miliyoyin mutane sun amfana da shi. Damuwar tana farawa ne idan lamba ta yi sama. Kaurin koniya a tsakiya kusan maikiron 540 ne, rabin milimita da ɗan kai, kuma kowace dayofta tana cin maikiron 12 zuwa 15. Mai mainos 10 zai rasa 120 zuwa 150 ke nan, ban da fatar da aka ɗaga mai kusan 110, alhali dole a bar aƙalla 250 a ƙasa don kada koniyar ta yi rauni ta bulluƙo gaba daga baya. Likitoci da yawa ma ba sa yarda da ƙasa da 300. An kuma tabbatar cewa koniyar baƙar fata, idan aka ɗauki tsaka-tsaki, ta ɗan fi ta Turawa siranta, don haka rarar da ake lissafi da ita ta fi ƙaranci a wurinmu.

Ko kaurin ya isa, akwai batun siffa. Koniya ta halitta ta fi lanƙwasa a tsakiya, tana ɗan bajewa zuwa gefe, kuma wannan tsarin ne ke taimaka wa hasken da ya shigo ta gefe ya haɗu da na tsakiya kusan a wuri guda. Leza tana juya tsarin: tsakiya ta baje, gefe ya fi ta lanƙwasa. Hasken gefe sai ya tattaru gaba da na tsakiya, hoton ya samu wani siririn hazo a kewayensa wanda babu gilashin da zai cire shi. Na'urorin zamani sun rage wannan sosai, amma yana ƙaruwa gwargwadon yawan abin da aka goge. Yankan kuma yana ratsa jijiyoyin koniya, hawaye su ragu na wasu watanni. Ruwan hawayen nan da ke kwance kan ido shi ne farkon abin da haske ke ratsawa. Idan ya bushe a ƙarƙashin fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, gani yana dushewa tsakanin ƙiftawa da ƙiftawa.

Madubin dashe ya bi wata hanya dabam. Ba ya sauya siffar koniya, ba a kuma cire madubin halitta. A nan ya bambanta da aikin yanar ido da kowa ya sani, inda ake fitar da madubin da ya yi fari a sa na roba a gurbinsa, aikin da Harold Ridley ya fara a asibitin St Thomas na Landan a 1949. Wannan ƙari ake yi a kan wanda ke nan. An gwada wurare uku. Na farko a gaban baƙin ido, ƙafafunsa sun tokare kusurwar da ruwan ido ke fita, kuma irin wannan ya yi ta cin ƙwayoyin bayan koniya, har samfurin Cachet na kamfanin Alcon aka janye shi daga kasuwa a 2014. Na biyu ana maƙala shi ne a jikin baƙin ido da 'yan farata biyu, shi ne Artisan na likitan Holan Jan Worst, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2004 da sunan Verisyse. Yana da ƙarfi, sai an yi yankan milimita 5 zuwa 6 an ɗinke, ɗinkin kuma yana iya karkata koniya. Na uku, wanda ya mamaye fagen yanzu, shi ne ICL na kamfanin STAAR Surgical, da Amurka ta amince da shi a 2005. Ɗan lallausan abu ne garai-garai mai kunnuwa huɗu. Ana naɗe shi a bututu, a tura ta yankan milimita 3 a gefen koniya, ya warware da kansa a hankali, likita ya cusa kunnuwan bayan baƙin ido, ya zauna a ɗan sararin da ke tsakanin baƙin da madubin halitta. Maganin kashe zafi na ɗigawa ya isa, aikin ba ya wuce rabin awa, kuma mai kallonka ba zai ga komai a idonka ba.

Ta fuskar haske zalla, wannan madubi ya yi wa sauran hanyoyin fintinkau ga mai babbar lamba, kuma dalilan a fili suke. Yana zaune ne cikin ido, dab da ƙofar haske, don haka ƙanƙantawar da gilashi ke yi ta tafi kusan gaba ɗaya. Wannan ne ya sa ake yawan ganin mutum bayan aikin yana karanta layi ɗaya ko biyu ƙasa da inda mafi kyawun gilashinsa ya taɓa kai shi: haruffan ne suka dawo girmansu na gaskiya a kan retina. Fuskar madubin a masana'anta aka gyara ta da ƙarfin da aka sani, ba ta dogara da yadda nama zai warke ba. Koniya kuma ta tsira da siffarta da jijiyoyinta. Nazarin da likitocin jami'ar Kitasato ta Japan suka yi, inda suka kwatanta shi da LASIK a idanu masu babbar lamba, ya nuna madubin dashe yana jawo ƙarancin wannan hazo na gefe, kuma ya fi kiyaye ikon bambance abu da inuwarsa.

Wannan ikon na ƙarshe shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe. Allon gwaji baƙaƙen haruffa ne wuluk a kan fari fat, a ɗaki mai haske, mutum na zaune ba motsi. Babu abin da ya kai wannan sauƙi ga ido. Wanda aka rubuta masa 6/6, wato lambar lafiyayyen gani, an tabbatar ne kawai cewa yana iya wannan. Amma ka hau gadar Third Mainland da ƙarfe tara na dare a watan Yuni, ruwa na zuba, kwalta ta jiƙe tana mayar da hasken kowace mota, wanda ke zuwa daga ɗaya hannun ya ƙi sauke fitilarsa, a gabanka kuma akwai danfo da ta tsaya ba fitilar baya. Ko titin Ikorodu, inda mutum cikin baƙar riga zai tsallako tsakanin motoci. A nan ido ba ƙananan haruffa yake nema ba. Yana neman ya raba toka-toka da baƙi-baƙi alhali ana dallare shi da haske. Mutum biyu za su iya samun 6/6 a takarda, ɗaya ya hango danfon nan daga nesa, ɗayan sai ya zo dab da ita. Likitoci suna da allon da haruffansa ke dushewa a hankali don auna wannan, suna da na'urar da ke auna karkacewar haske a cikin ido. Direban tirela da ke tashi daga Apapa cikin dare, ko ɗan kasuwar da ba ya barin Idumota sai bayan magariba, ya kamata ya nemi a yi masa waɗannan gwaje-gwaje, ya kuma faɗa wa likita sana'arsa tun kafin a tambaye shi.

Dare ne kuma ke tona iyakar madubin dashen kansa. Ƙofar hasken ido tana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3 da rana, a duhu kuma ta matashi tana buɗewa har 6 ko 7. Sashen madubin da ke gyara haske ba shi da faɗi mara iyaka: a samfurin ICL mai suna EVO yana tsakanin milimita 4.9 da 5.8, a EVO+ ya kai 6.1, kuma mafi ƙarfin madubi shi ne mafi ƙanƙantar wannan sashe. Ma'ana wanda ya fi buƙatar aikin shi ya fi fuskantar matsalar. Idan ƙofar ta buɗe ta zarce gefen sashen, wani haske yana zagayewa ba a gyara shi ba, sai kowace fitila ta samu zobe a kewayenta. Na taɓa zama kusa da wani saurayi da kawunsa a ɗakin jira na wani asibitin ido a nan Legas, wata guda bayan an yi wa saurayin aikin a waje. Kawun ya tambaye shi, "To yanzu ya kake ji?" Ya ce, "Wallahi Kawu, da rana tun da aka haife ni ban taɓa gani haka ba, har ganyen bishiya ɗaya-ɗaya nake gani. Da dare ne kowace fitila sai ta ɗaura zobe." Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba su faɗa maka ba kafin a yi?" Yaron ya girgiza kai. Ga mafi yawan mutane zoben yana raguwa cikin watanni yayin da ƙwaƙwalwa ke sabawa, ga wasu kaɗan kuma yana zama. Auna faɗin ƙofar a ɗaki mai duhu kafin aiki mintuna kaɗan yake ci, kuma da shi ne za a iya gaya wa mutum gaskiyar abin da ke jiransa.

Akwai kuma 'yar huda a tsakiyar madubin na yanzu, abin da ke ba mutane mamaki idan sun ji. Ruwan cikin ido ana samar da shi ne a bayan baƙin ido, ya bi ta ƙofar haske ya fito gaba ya tsiyaye. Tsohon samfuri yana iya toshe wannan hanya, don haka sai an fara huda baƙin ido da leza kafin dashe. Likitan Japan Kimiya Shimizu ya kawo dabarar huda madubin kansa, huda mai faɗin milimita 0.36. Turai ta karɓe shi a 2011, Amurka sai a 2022. Hudar ba ta kai kashi 1 cikin 100 na girman filin ƙofar haske mai faɗin milimita 4 ba, kuma da aka sa wa mutane mai huda a ido ɗaya, mara huda a ɗayan, ba a ga bambancin a zo a gani ba a kaifin gani. Abin da takan jawo shi ne wani siririn da'irar haske da wasu ke gani idan fitila mai ƙarfi ta bugo daga gefe, saboda hasken da ke dawowa daga bangon hudar. Ribarta ta fi wannan yawa, domin ruwan yana ci gaba da wanke fuskar madubin halitta yana ciyar da shi, yanar ido da tsohon samfuri ke jawowa ta ragu ƙwarai.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne girma. Madubin ICL girma huɗu kawai ake ƙera shi: milimita 12.1, 12.6, 13.2 da 13.7. Idanun mutane kuwa ba huɗu ba ne. Wurin da zai zauna yana ɓoye a bayan baƙin ido, ba a ganinsa kai tsaye. Wasu likitocin suna auna faɗin baƙin ido daga fari zuwa fari su yi kirdado da shi, waɗanda suke da kayan aiki kuma suna leƙa ciki da na'urar sauti ta musamman ko ta hoton haske. Ka ɗauki faifai ka tura shi cikin ƙwaryar da bakinta bai kai faɗinsa ba, zai yi doro. Idan ƙwaryar ta fi shi faɗi kuma, zai faɗa ya kwanta a kan abin da ke ciki. Haka madubin yake yi. Ana son doronsa ya bar tazarar maikiron 250 zuwa 750 tsakaninsa da madubin halitta. Idan ta gaza, yana iya gogar madubin halitta ya kawo yana tun mutum yana da ƙuruciya. Idan ta zarce, yana tura baƙin ido gaba, ya matse kusurwar da ruwa ke fita, ya kankare launin baƙin ya zuba a magudanar, matsin ido ya hau. Ana iya cire madubin a sauya wani, wannan gaskiya ne kuma fifiko ne a kan leza, wadda abin da ta goge ya tafi ke nan. Amma kowace shiga cikin ido tiyata ce, da ɗan haɗarin ƙwayar cuta da ke tare da ita, ko da yake ba kasafai ake samunsa ba.

Wanda koniyarsa ta fi lanƙwasa ta wani gefe fiye da ɗayan, samfuri na musamman ake sa masa, wanda dole ya tsaya a kusurwar da aka lissafa. Kowane digiri ɗaya da ya juya yana zubar da kusan kashi 3 cikin 100 na wannan gyaran, idan ya kai digiri 30 gyaran ya tashi a banza. Madubin da ya yi wa ido ƙanƙanta shi ya fi juyawa.

A bayan koniya akwai shimfiɗa ɗaya ta ƙwayoyi da aikinsu shi ne tsotse ruwa daga cikinta don ta zauna garai-garai. Baligi yana da kamar 2,500 zuwa 3,000 a kowane murabba'in milimita, suna raguwa da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 a shekara, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Idan suka yi ƙasa sosai koniya ta kumbura ta yi fari, sai dashen wata, abin da samunsa a Najeriya ke da wuya. Saboda haka ake ƙirga su kafin aiki, ake kuma auna zurfin ɗakin gaban ido, wato sararin da ke tsakanin koniya da madubin halitta, wanda a ƙa'idar Amurka dole ya kai milimita 3. Ƙa'idar 2022 ta kuma ce shekaru 21 zuwa 45, lamba daga mainos 3 zuwa 20, kuma ta tsaya wuri ɗaya tsawon shekara guda. Mai ciki da mai shayarwa su jira.

Batun matsin ido ya fi shafar mu fiye da mutanen da aka yi yawancin gwaje-gwajen a kansu. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce kan gaba, hawan jinin ido na biye mata, kuma kusan mutum 5 cikin 100 na wannan rukuni suna da hawan jinin idon, mafi yawansu ba su sani ba. Cutar tana zuwar wa baƙar fata da wuri, tana kuma tsananta, rashin ganin nesa mai tsanani shi ma yana ƙara haɗarinta. Wanda a gidansu akwai wanda ya makance idonsa biyu a buɗe, ya ambaci wannan ga likita, a duba jijiyar idonsa da faɗin ganinsa da kyau kafin a yi maganar dashe.

Akwai abin da ba na jin ana faɗa wa mutanenmu, alhali haƙƙinsu ne su sani. Abin da ake ƙera ICL da shi, mai suna Collamer, roba ce mai riƙe ruwa da aka haɗa da ɗan ƙanƙanin sinadarin kolajin da aka tace daga alade, kuma wannan yana rubuce a bayanan kamfanin. Adadin kaɗan ne ƙwarai, an kuma sarrafa shi. Hukuncinsa na malamai ne, akwai maganar lalura da ta sauyawar abu daga asalinsa da suka daɗe suna tattaunawa a kan magunguna. Abin da ban yarda da shi ba shi ne Musulmi ya ji wannan bayan abin ya riga ya shiga idonsa. Akwai madubai masu zama a wuri guda da aka yi da roba zalla, irin IPCL na kamfanin Care Group na Indiya, sai dai tarihin bibiyarsu bai kai na ICL tsawo ba.

Wanda ya doshi arba'in kuma ya yi wani lissafin. Mai rashin ganin nesa yana da wata baiwa da bai cika lura da ita ba: idan ya cire gilashi, abin da ke kusa yana fitowa ɓaro-ɓaro. Da haka tela ke zura zare a allura, mai gyaran waya a Computer Village ke ganin ƙananan wayoyi, ɗan canji ke duba zaren takardar kuɗi. Madubin dashe yana mayar da ido irin na kowa, kuma idon kowa daga shekara 40 zuwa 45 yana fara kasa karatu kusa, saboda madubin halitta ya fara tauri. Wanda aka yi wa aikin yana da 38 zai ji daɗin wasu shekaru, sannan ya koma neman gilashin karatu don ya buɗe Alƙur'ani, kuma a lokacin babu gilashin da zai cire ya ga kusa.

Tsawon ƙwayar idon ma yana nan yadda yake. Retinar da aka shimfiɗa a kan ido mai milimita 28 ko 30 ta miƙe ta yi siriri, tana iya yagewa ta ɓalle, tsakiyarta na iya lalacewa da shekaru, kuma babu madubin da zai ba da hoto mai kyau idan inda hoton ke sauka ya lalace. Walƙiya a gefen ido, ko ɗigo-ɗigo baƙaƙe da suka yawaita farat ɗaya, ko duhu da ke rufowa daga gefe guda, abu ne na zuwa asibiti a ranar, ba na jiran Litinin ba.

Duk waɗannan suna komawa ga bibiya, kuma a nan ne tafiya waje take barin giɓi. Mutum ya tashi daga Ikeja, a yi masa gwaji yau, aiki jibi, ya dawo bayan mako da kwalaben maganin ɗigawa. Ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da sinadarin sitiroyid mai kashe kumburi, wanda a wasu mutane, musamman masu babbar lamba, yake ɗaga matsin ido bayan makonni biyu zuwa huɗu ba tare da wani zafi ba. Idan ya ƙare kuma ido ya ɗan yi ja, sai a kai kwalbar kemis a sayo wata, a ci gaba da ɗigawa wata da watanni. An rasa gani ta wannan hanya. Legas ba ta rasa inda za a auna matsin ido ba, ga cibiyar ido ta Guinness a asibitin koyarwa na Idi-Araba, ga asibitin koyarwa na jiha a Ikeja, ga asibitoci masu zaman kansu, wanda ya koma gida kuma ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. Abin da ya kamata shi ne mutum ya samu likitan da zai bibiye shi a nan tun kafin ya sayi tikiti, ya tambaya ko wurin yana da na'urar auna doron madubi da ta ƙirga ƙwayoyin bayan koniya, domin waɗannan gwajin shekara-shekara ne. Ya kuma dawo da katin da ke zuwa tare da madubin, mai ɗauke da samfurinsa da girmansa da ƙarfinsa da lambarsa, haɗe da duk awon da aka yi masa kafin aiki. Ranar da yana ta zo, kuma masu babbar lamba tana zuwar musu da wuri, likitan da zai cire madubin dashen tare da na halitta zai nemi waɗannan takardu.